Tauraron da Ya Koɗe

Tauraron da Baba mai majigi yake ce wa yara ruwan goro ne, fari ne tas. Ban daɗe da fara aiki a gidan kimiyya ba na lura, ina zaune a kujerar baya ta ɗakin taurari, inda aka ajiye ni in riƙa tsawatar wa 'yan makaranta.

Ɗakin ba taga, rufinsa kubba ne, ko da rana tsaka duhu ne ƙirin. A tsakiya akwai tsohon majigi mai kai kamar tulu, an huhhuda shi. In aka kunna ƙwan lantarkin da ke ciki, kowace huda ta jefa tauraro ɗaya a rufi. Masu launi kuwa, 'yar leda ake yankawa, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, a manna a bakin hudar. Zafin ƙwai yakan cinye launinta, sai a sake wata. Baba ke wannan aiki tun ba a haife ni ba, kuma da ido yake gane leda ta mutu.

Kullum bayaninsa ɗaya ne, da muryar da ta gaji da maimaici. Wannan tauraro ya tsufa, man da yake ƙonawa can tsakiyarsa ya ƙare, sai ya kumbura har ya ninka ranarmu faɗi sau da yawa, alhali a nauyi da kaɗan ya fi ta. Bayansa bai kai na rana zafi ba, shi ya sa launinsa ya koma na garwashin da ya fara lafawa. Duk da haka ya fi ta haske, don jikin da yawa. Inna mai tikiti takan ce ai tumbinsa yake siffantawa, kumburi ba nauyi. Shi kuma ya ce ita ce baƙin ramin nan na sama, abin da ya faɗa kunnenta ya halaka.

A gida ɗaki biyu suke da shi, shi da 'yarsa tela da mijinta ya rasu, da jikoki da ƙarar keken ɗinki. Ya taɓa ce min a can ko tari ya yi ba mai ji, nan ne kaɗai yake magana a yi shiru. Manaja kuwa ya daɗe yana so a naɗi murya a faifai, a mayar da Baba bakin ƙofa, dalili kawai yake nema.

Na yi ta juya maganar farin tauraron a raina. Wata safiya kafin motar makaranta ta iso, yana kan tsani yana goge majigi, na ce masa ledar tsohon tauraron kamar ta koɗe. Ya kashe fitilun ɗaki, ya kunna ƙwai, ya ɗaga kai.

"'Yata, ga shi nan ruwan goro kamar yau na manna."

Na nuna masa wani da ba a taɓa sa masa leda ba, na tambaye shi launinsa. Ya daɗe yana kallo.

"Shi ma haka," ya ce a hankali. "Duka haka suke."

Da ya kunna fitila na ga abin da ban taɓa kallo da kyau ba don kunya: wata yana ce ta rufe masa ƙwayar ido, ta rina masa komai da rawaya. Shi ya sa bai sake leda ko ɗaya ba, a wurinsa babu wadda ta mutu.

Na ce ya koya min, ni zan riƙa sakewa, ba wanda zai sani. Ya ɗauko almakashi da hantsaki, ya riƙe hannuna ya nuna min yadda ake ɗiga gam ba a toshe huda ba. Da yatsa yake lalubo wurin. Tauraron ya dawo launinsa, na gaya masa, ya ce to, madalla.

Yaran suka zo, suka yi ihunsu, ya yi bayaninsa bai rage kalma ba. Da suka fita ya zauna a kujerar gaba, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Yau leda ce. Gobe in nuna musu wannan in kira shi wancan, su tafi da shi gida. Wa zai gyara musu?"

Ya miƙe ya nufi ofishin manaja da kansa. Bai jima ba ya fito. Ya ce daga mako mai zuwa zai koma bakin ƙofa yana jera yara a layi, faifai zai yi magana. In an yi masa aikin ido, a cewar manaja, sai a gani.

Inna ta buɗe baki za ta tsokane shi, da ta ga fuskarsa sai ta fasa. Ya tambaye ta wace mota ce ke bi ta asibitin ido, ta gaya masa, ta ƙara da cewa ya je da 'yarsa, kada ya yi taurin kai. Ya ce ya ji. Ya tsallaka titi ya sayi batir na tocilan jikarsa, ya tsaya jiran motar gida.