Tsohuwar da Jarida Ta Sumar a Kan Jabalun Nur

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin tafinta, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da aka haɗa ni da ɗan jarida mu hau Jabalun Nur.

A tsakiyar shekarun sittin ne, ina aiki a maktabi, wato ofishi, na wani muɗawwafi mai suna Shehi Abdurrazak. Ga waɗanda ba su riski lokacin ba, muɗawwafi shi ne mutumin Makka da hukuma ke damƙa wa alhazan wata ƙasa. Masaukinsu, ɗawafinsu, fitarsu Mina da Arfa, duk a wuyansa suke. Idan alhaji ya ɓace ko ya ji ciwo, shi za a kira. Shehi ba ya jin Hausa, alhazansa kuwa yawancinsu Hausawa ne, shi ya sa ya ɗauke mu tafintoci uku. Ni ne na ƙasa a muƙami. Iyayena ta Sudan suka shigo da ni, don haka iƙamata, wato takardar zama, da sunan Shehi take tafiya. In ya sallame ni, ba aiki kaɗai na rasa ba.

Bayan an sauko daga Mina da kwana biyu, Shehi ya kira ni. Na tarar da baƙi biyu. Ɗaya Ustazu Fu'ad, wakilin wata babbar jaridar Larabci da ake bugawa a wata ƙasa, ana kawo ta Makka ta jirgin sama. Ɗayan Salim, mai ɗaukar masa hoto. Shehi ya ce, "Ya Haruna, Ustazu yana son ya rubuta yadda alhazan Afirka ke hawa dutsen da Kogon Hira yake. Gobe ka kai shi, ka haɗa da alhazai kamar goma." Na ce, "Abshir, ya Shehi," wato an gama.

Ƙa'idar maktabinmu ita ce, hawan dutsen ba ya cikin aikin hajji, ba a tilasta wa kowa, kuma ba a ɗaukar tsofaffi. Na zaɓi maza tara masu ƙarfi. Da asuba muna shiga mota, sai na ga wata tsohuwa ta riga kowa zama. Hajiya Tasalla ce, mutuniyar Kwatarkwashi, ta haura saba'in.

Na ce, "Inna, dutse ne fa za mu hau, babu matakala."

Ta ce, "Na gane shi daga nesa. Shi kuka kira dutsi?"

Na yi mata bayanin ƙa'ida. Ta saurara har na gama, ba ta sauka ba. Direba ya ja mota.

A gindin dutsen akwai wata rumfar mai shayi. Ustazu Fu'ad ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi takalminsa mai ƙyalli, ya ce zai fara tattara bayanai daga nan. Ya zauna, aka kawo masa shayi. Ya ce wa Salim ya bi mu, shi yana nan tafe.

A lokacin hanyar duwatsu ce zalla, wani wuri sai ka dafa da hannu. Ba mu kai rabi ba Salim ya zauna yana haki, akwatin kayan hotonsa ya yi masa nauyi. Hajiya Tasalla ta naɗe mayafinta ta yi gammo, ta ɗauki akwatin ta aza a ka, ta wuce. Ita ta fara isa sama. Kafin mu ƙaraso ta yi nafilarta a bakin kogon, ta sami inuwar wani dutse ta kwanta, barci ya ɗauke ta. Salim ya yi ta ɗaukar hotuna. Muka yi addu'a, na tashe ta, muka sauko kafin rana ta yi zafi. Muka tarar da Ustazu ya cika shafi huɗu na littafinsa. Bai tambaye ni komai ba, sai sunan tsohuwar da sunan muɗawwafinta.

Kwana takwas bayan haka, Shehi ya aiko a kira ni. Na shiga bai amsa sallamata ba. Jarida ce a gabansa. Ga hoton Hajiya Tasalla kwance a kan dutse, ya cinye rabin shafi. Kanun ya ce wata tsohuwa 'yar Afirka ta suma a ƙololuwar Jabalun Nur, jagoranta ya tafi ya bar ta. A cikin labarin, wakilin jaridar ya kwatanta yadda ya yi fama da iska da ƙishirwa da santsin dutse har ya kai sama, yadda ya ɗiga mata ruwa a baki, da yadda ya ga tsuntsaye na shawagi a kanta. Sunan Shehi ya fito sau biyu.

Shehi ya ce, "Ofishin kula da muɗawwafai sun kira ni jibi. In abin nan ya tabbata, baɗi ba za su ba ni alhaji ko ɗaya ba. Kai kuma ka san sauran."

Na ce, "Wallahi, ya Shehi, barci take yi."

Ya ce, "Ba ni za ka gaya wa ba."

Na tafi masaukin Ustazu Fu'ad. Ya karɓe ni da fara'a, ya ce labarin ya karɓu ƙwarai a wurin editansa. Na ce masa ai bai hau dutsen ba. Ya ce, "Ya akhi, Salim ya hau, Salim kuwa idona ne." Na ce matar ba ta suma ba. Ya ce, "Wa zai sayi jarida don ya karanta cewa tsohuwa ta hau dutse ta sauko lafiya?" Na tashi na fito.

Na kai bakin titi sai na ji ana kirana. Salim ne. Ya miƙo mini ambulan, bai dube ni ba. Ya ce a nan ya wanke hotunan, wannan yana cikin waɗanda Ustazu bai zaɓa ba. Ya ce kada in ce shi ya ba ni. Ya juya, sannan ya dawo ya ce, "In an tambaya, ka ce ni ne."

Saura Hajiya. Rukuninsu an riga an kwashe su zuwa Jidda, jirginsu washegari da yamma. Na hau motar haya na bi su, na yi ta zagaye zangon alhazai ina kiran sunanta, har na same ta tana ɗaure jarkar zamzam a buhu. Na nuna mata jaridar, na fassara mata kalma kalma. Ta daɗe tana kallon hoton.

Ta ce, "Ni ce. Amma wa yac ce na hwaɗi?"

Na ce, "Jarida, Inna."

Ta ce, "Ɗana, a kan dutsi anka haihe ni. Shekara arba'in ina hawa da tulu. In wagga takarda ta kai gida, dariya za a yi mini har in mutu. Tashi mu tahi."

Da na roƙi Shehi ya nemi a matso da zaman, ofishin suka yarda da safiyar ranar jirgin. Mudir, wato shugaban ofishin, ya zaunar da mu. Ƙa'ida ita ce tafintan da ake tuhuma ba ya fassara, don haka aka kawo wani dattijo mutumin Tandabawi, unguwar Hausawan Makka. Mudir ya tambayi Hajiya ko ta suma. Ta ce a'a. Ko jagora ya bar ta. Ta ce ita ta bar shi, yana baya yana numfashi. Ko ta ga wanda ya ba ta ruwa. Ta ce mai takalmin nan ta gan shi a ƙasa da ta tafi, ta gan shi a ƙasa da ta dawo, kujerar ma bai sake ba. Sannan ta ce in Mudir yana shakka, dutsen na nan, su je tare, za ta jira shi a sama. Dattijon ya fassara duka, bai rage komai ba.

Na miƙa ambulan. Mudir ya ciro hoton: Hajiya Tasalla a tsakiyar hawa, akwatin kayan hoton Salim a kanta, hannu ɗaya a ƙugu, ta waiwayo tana jiran maza goma. Ya ajiye shi kusa da na jaridar, ya dube su ɗan lokaci, ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Ya rubuta wani abu ya rufe fayil. Abin da kawai aka same ni da shi shi ne ɗaukar tsohuwa saɓanin ƙa'ida, aka ja mini kunne. Na amsa laifina. Hajiya ta sami jirginta. Hoton akwatin ta tafi da shi, ta ce shi za ta nuna a gida.

Shehi ya rubuta wa jaridar wasiƙa. Bayan wata guda suka buga gyara, layi biyu a ƙasan shafi na ciki, cewa tsohuwar da ta suma ta samu sauƙi.

Na yi shekara ashirin da wani abu bayan nan ina kai mutane dutsen, na kuma karanta abin da jaridu da yawa suka rubuta a kansa. Mutum iri biyu suka sani a kan dutse: wanda ya faɗo, da jarumin da ya kai sama da kyar. Dubban da ke hawa a hankali, su huta, su miƙa wa juna ruwa, su sauko su ci abincin rana, ban taɓa ganin su a shafi ba, alhali su ne aikinmu. Ba na cewa ku guji 'yan jarida, akwai na kirki a cikinsu, kuma na lura wanda ya yi gumi tare da kai ba ya iya yi maka ƙarya cikin sauƙi. Abin da nake gaya wa duk sabon tafinta shi ne, in an haɗa ka da ɗan jarida, ka yi masa ladabi, ka riƙe masa ruwa, ka sa shi a gaba. In ya ce zai jira a ƙasa, kai ma ka zauna, ka ce a kawo shayi biyu.