Sajan da Bai Taɓa Samun Biro Ba

Shekara goma sha huɗu ke nan da wanzamina, yana riƙe da kunnena da hannu ɗaya, aska a ɗayan, ya raɗa mini cewa wai Sajan Ba-biro ya kama Autana da ƙullin wiwi a bayan tashar mota, ya kuma sake shi bai rubuta komai ba. Na ce masa ya kula da askarsa, ya bar mini gidana. A lokacin ni ne tafintan kotu, kuma duk wanda ya san ni ya san abin da nake faɗa a bainar jama'a, cewa hayaƙin nan ba zai shiga gidana ba muddin ina numfashi. Ban yarda da maganar ba. Na dai sake wanzami.

Ranar Talata, tara ga watan nan, da misalin ƙarfe goma na safe, aka harbe Sajan tare da abokan aikinsa biyu, wani kofur da direbansu, a ƙofar wani sito a bayan gari inda ake tara buhunan wiwi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Saura wata bakwai ya ajiye kaki.

Sajan, an ce ni zan rubuta maka ta'aziyya saboda ni ne tsohon abokinka. Na karɓa, amma tun da ba a yi wa mamaci ƙarya, bari in fara da abin da ban taɓa gaya maka ba kana raye. Ina kishinka. Shekarata saba'in da ɗaya, haƙorana na gaba na roba ne, amma kishin nan bai tsufa ba ko kaɗan.

Shekara ashirin muna zama a benci ɗaya, wanda ke barandar kotu kusa da ɗakin ajiye kayan shaida. Warin wiwin da aka kama yana fitowa ta ƙasan ƙofar, har ka riƙa tsokanata cewa duk garin nan babu wanda ya kai ni shaƙa. Kai ne ke kawo masu laifi, ni kuma nake juya musu hukunci zuwa harshen da suke ji. Alƙali ya faɗa da nasa harshen, ya tashi ya shige ofis. Daga bakina saurayi ke jin ɗaurin shekara biyu, ni uwarsa ke kallo. Ban taɓa rage kalma ɗaya ba, kuma ina alfahari da haka.

Kai kuwa ba a banza aka sa maka wannan suna ba. In ka kama saurayi da ɗan ƙulli, sai ka kai shi caji ofis, ka buɗe babban littafin nan, ka shiga laluben aljihu, na ƙirji, na wando, har cikin hula. "Kai, wa ke da biro a nan?" Kuratan 'yan sandan da ke bakin kanta sun san karatun, sai kowa ya hau kallon silin. Daga nan ka rufe littafi ka ce wa saurayin, tun da gwamnati ba ta da biro yau, ya dawo ranar Asabar da safe da bokiti. Ya wanke motar sintiri, ka duba idonsa, ka duba leɓensa da yatsunsa, ka ce ya hura maka iska a fuska. Wata Asabar ɗin ma haka, har sai ranar da ka gaji da ganinsa. Amma in mai buhu ne ya faɗo hannunka, biro uku ke fitowa daga aljihu ɗaya. Na taɓa sayo maka dozin guda don in kunyata ka. Ka yi godiya har da dafa ƙirji, washegari na ga 'ya'yanka mata suna tafiya makaranta da su.

Ban ƙirga sau nawa muka yi faɗa a kan wannan ba. In ce maka doka ba rigar aro ba ce da za ka sa yau ka tuɓe gobe. Ka ce, "Tafinta, kai minti goma kake ganinsu a cikin akwatin kotu. Ni nake ganinsu in sun fito. Ya shiga da ƙulli ɗaya, ya fito ya san dillali biyar." In ce to a buɗe kasuwa ke nan, kowa ya kunna. Sai ka ɓata rai, ka ba ni labarin tsohuwar da ka ɗauka da hannunka zuwa asibiti, ɗanta ya sha ya karya mata hannu saboda ta hana shi sayar da keken ɗinkinta. Mu rabu kowa na huci. Washegari ka zo da shayi kofi biyu.

Shi ya sa abin da na gani a zaman makokinka ya ba ni dariya da takaici. A ƙarƙashin rumfa ɗaya, wani matashin lauya ya miƙe yana cewa da an halatta abin nan, an ba masu sayarwa lasisi kamar na taba, da babu sito a ɓoye, babu bindiga a ƙofarsa, da Sajan na nan da rai. Wani tsohon hedimasta ya buga sandarsa a ƙasa ya ce jinin mutum uku bai bushe ba ana maganar lasisi, maganinsu kawai a ƙara tsanani. Lauya ya ce ai marigayi ma ra'ayinsu ɗaya, shi ya sa ba ya rubuta yara. Hedimasta ya ce in ra'ayinku ɗaya me ya kai shi ƙofar siton? Kowa na jan gawarka zuwa ɓangarensa, alhali babu wanda ya taɓa shan shayi da kai a cikinsu. Ni ne na sha. Ra'ayina bai sauya ba, ban yarda a halatta ba. Sai dai na lura da wani abu. Titinku ya cika da magidanta, direbobi, masu walda, teloli, har da wani ma'aikacin jinya da farar rigarsa, kowa ido ya yi ja, kuma ba don hayaƙi ba. Duk 'yan bokiti ne. Ni kuwa na juya wa ɗaruruwa hukunci daidai da doka, har yau babu ko ɗaya da ya taɓa tsayar da ni a hanya ya ce sannu Baba.

Da iyakarta ke nan da na haƙura. Abin da ke ci na shi ne Auta.

Shekara biyu yaron nan yana fita kowace Asabar da sassafe, wai ƙwallo. Ya dawo ƙafar wando a jiƙe, yana ƙamshin sabulu. Ban taɓa ganin ƙwallon da ake bugawa da sabulu ba, amma ban tambaya ba. Rana ɗaya ya ce zai koyi gyaran wutar lantarki, ashe har an kai shi wurin mai gidan da zai koya masa, kai ka kai shi. Da ya tashi aure, ni aka zo wa da magana a gyare, ashe an gama tankaɗe da rairaya a falonka. Da matarsa ta haifi namiji, na sa an wanke babbar rigata, na zauna ina jiran in ji sunana. Sai na ji naka. Na yi murmushi, na sa albarka, na dawo gida na kwanta ban ci abinci ba, uwar Auta tana tambaya ko ciwon cikin ne ya tashi.

Maganar wanzami ba ta mutu ba. Masinjan kotu ya maimaita mini ita wata rana muna jiran alƙali, na ce ya je ya share teburi. Uwar yaron ma, da na yi mata ƙorafin cewa ɗanta ya mai da gidan Sajan gidan ubansa, sai ta ce, "To Malam, da ka tambaye shi dalili mana." Ban tambaye shi ba. Kai ma sau ɗaya na kusa. Na ce, "Sajan, wai me ke tsakaninka da Auta?" Ka hura shayinka ka ce, "Yaron ya iya wanke mota." Na bar ta a nan, domin na san kaina. In ta tabbata, ko dai in kore shi daga gida don in cika maganar da na yi a gaban mutane, ko in haɗiye maganar. Duka biyun ban iya ba, sai na zaɓi in ƙi yarda, kai kuma ka yi ta riƙe mini ɗa ina hararar ka.

Ranar jana'iza, da aka ce 'yan uwa su shiga kabari su karɓe ka, ba ka da ɗa namiji, ƙannenka biyu suka sauka. Na uku Auta ne. Babu wanda ya kira shi, babu kuma wanda ya hana shi. Ina tsaye a bakin kabari ina kallon yadda ya tallafo kanka a hankali, ina addu'a da baki, zuciyata kuwa tana tambaya ko ni ma zai yi mini haka. Allah ya yafe mini. Wane irin tsoho ne ke kishi da gawa?

Allah ya jiƙanka, Sajan, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka. Yadda ka rufa wa 'ya'yan mutane asiri, Allah ya rufa maka naka ranar da babu littafin da ake rufewa. Allah ya jiƙan kofur da direba, waɗanda mutane ke ta mantawa da su a cikin gardama, ya raya abin da suka bari. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka da 'ya'yanka huɗu, da ƙannenka, da abokan aikinka. Allah ya ba ku haƙuri, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

Da muka baro maƙabarta, Auta ne ya ɗauko ni a motarsa. Ba mu yi nisa ba ya gangara gefen titi ya kashe injin, ƙasar kabarinka tana nan a gwiwar wandonsa. Ya ce, "Baba, akwai saƙon da Sajan ya ba ni in kawo maka, na yi shekara goma sha huɗu ban kawo ba." Wai ranar da ka kama shi ka ce masa, "Ubanka ne tafinta. In na kai ka, da bakinsa zai faɗa maka shekarunka, kuma wallahi ba zai rage kwana ɗaya ba. Ni ba zan gaya masa ba, kai za ka gaya masa." Wai tun daga ranar duk haɗuwarku sai ka tambaye shi, "Ka faɗa wa tsohon?" Har Asabar ɗin da ta wuce.

Na miƙa hannu na kakkaɓe masa ƙasar gwiwarsa, na ce ya tayar da mota, uwarsa na jira. Ko wannan ɗin ma, Sajan, umarninka ya bi, ba nawa ba, kuma ban ce na daina kishi ba. Amma wanzami ya faɗa, masinja ya faɗa, duk na ƙaryata su. Wanda ya gaya mini na ƙarshe ɗana ne, da bakinsa, yana kallon idona.