Waƙar Jan Taru a Falonmu

Ranar Asabar na bi ta bakin ruwa a tsohon garin Alexandria da ke maƙwabtaka da jihar Maryland, na tarar da wasu dattawan Turawa suna rera waƙoƙin matuƙan jirgin ruwa, hannuwansu cikin aljihu. Nan take Baba ya faɗo mini a rai.

A zangon garin Elmina na bakin teku ya tashi, yana jan taru tare da masunta 'yan ƙabilar Fante, kuma bai taɓa yarda a yi waƙar teku hannu sake ba. "Waƙar ja ce," yakan ce, "sai da nauyi take fita." Da muka kawo shi nan, ba teku ba igiya, sai ya koma wa zanin gado. In na kwaso wanki da ɗuminsa, sai ya kama gefe ɗaya ya miƙo mini ɗayan, ya kafe ƙafa. Ya bayar da muryar nan tasa mai kaushi, in amsa, mu ja tare. Har warin gishiri da hayaƙin kifi nakan ji a falon.

Da na koma gida, na miƙa wa 'yata gefen zani. "To Mama, fara mana," ta ce da Turanci. Na lalubi baitin farko, ban same shi ba. Ashe amshi kawai na iya. Baitocin suna bakin Baba, tare da shi muka binne su a Maryland.

Muka tsaya riƙe da zani, ba mai ja.

Allah Ya sanyaya makwancinka, Baba, Ya haɗa ka da masu amsa maka.