Malam Kalilu Mai Toho

Da an sallame sallar asuba a Maiyama za ka ji tarin tsohon babur ɗinsa. Malam Kalilu ke nan, mai wankin ciwo na ƙaramin asibitin garin, da akwatin auduga da almakashi ɗaure a baya. Sai ya leƙa Liba, ya biya Gumbin Kure, ya duba waɗanda aka sallamo daga manyan asibitoci, kafin ya dawo ya buɗe ɗakin magani. Bana ya aje aiki, kuma cikin masu zuwa yi masa bangajiya babu wanda ƙafarsa ta yi nauyi irin ta Maccido, manomin albasa na Liba. Shi ya ce a rubuta wannan, ko ya samu sauƙin kunyar da ke damunsa.

Shekarar da ta biyo bayan ƙirƙiro jihar Kebbi, wani sa ya soki Sa'idu, ƙanen Maccido, da ƙaho a ciki. Aka kai shi Sakkwato, likitoci suka yanke ɓarin hantarsa da ya dagargaje, suka ɗinke shi, ya dawo gida. To, mutanenmu sun sha feɗe ragon layya, sun san matsayin hanta. Da jin "an yanke mishi hanta" sai kowa ya yi salati. Masu dubiya suka dinga shiga suna kama hannunsa suna cewa, "Sa'idu, mu yafi juna." Wayyo, wane marar lafiya zai ji haka safe da yamma ya iya haɗiye tuwo? Sa'idu ya juya fuska bango, ya daina cin komai, sai man shanun da ake ɗura masa wai ya cike gurbin abin da aka cire, shi kuma yana amayarwa.

Malam Kalilu ya zo wankin ɗinki, ya tarar da wannan. Ya tsaya bakin ƙofa ya ce wa Maccido, "Daga yau kowa ya zo neman gafara, shi tsaya waje. Hanta tana toho."

Maccido ya yi dariyar takaici. "Haba Malam, toho? Mutum na ko geza?"

Shi ya kai maganar kasuwar Jega, shi ya laƙaba masa "Mai Toho". Har mahauta suka ɗauka, in ya wuce sai a ɗaga masa hanta a ce ya zo ya dasa. Shi dai sai ya wuce abinsa.

Kai ne, Malam Kalilu, ka zauna kan tabarmar Sa'idu ka yi masa magana da yaren gona. Ka ce, "In za ku yi iri, ba kuna yanke kan albasa ba kafin ku dasa? Mi ka biyo baya?" Ka gaya masa abin da ka koya lokacin da kake miƙa wa likitoci kayan aiki a ɗakin tiyata: ɓarin da ya saura yakan fara tara maiƙo, kuma shi ke haɗa abinsa da wasu ƙananan sinadarai da Allah ya sa a ciki, da shi yake samun ƙarfin gina sabuwar tsoka. Ka hana ɗurin man shanu, ka sa a dama kunu, a dafa wake, a ba shi kaɗan-kaɗan. Kai ka fara kurɓa don ya ji kunya ya karɓa.

Amma Maccido bai yarda ba. Shi da Sa'idu kamar hanta da jini suke, ya ce gara ya yi masa gatan ƙarshe tun da wuri. Ya je Aliero sayar da albasa, ya yanko farin yadi, ya tura ƙarƙashin rumbu. Wata rana Malam Kalilu ya durƙusa neman inda zai wanke hannu, idonsa ya faɗa a kai. Ya san ko mene ne. Maccido ya ce tun da aka haife shi bai taɓa son ƙasa ta tsage ya shige ba sai ranar, don a daidai lokacin ana jiyo Sa'idu daga ɗaki yana cewa a ƙaro masa kunu.

Malam Kalilu bai ɗaga murya ba. Ya kakkaɓe yadin, ya miƙa masa, ya ce, "Yadin ga mai kyau na. Kai ma tela shi ɗinka mishi riga, Sallah ta matso."

Sa'idu ya je Idi da ƙafarsa cikin farar riga, yana yi wa kowa kurin yayansa ya yi masa ɗinki. Shekaru sun shuɗe, yana sungumar buhun albasa shi kaɗai, kuma ko matar Malam Kalilu ba ta ji wannan sirri daga bakinsa ba. Sunan ba'a kuwa ya bi shi, har yara na ɗauka kirari ne.

Mun gode, Malam. Mu da muka yi dariya a kasuwa kunya ta ishe mu. Masu zuwa dubiya su koya daga gare ka: in ka shiga wurin marar lafiya, kai masa abin da zai sa ya buɗe baki ya ci, ka bar bankwana a waje.

Ranar walimar aje aikin Malam Kalilu, Maccido ya raɓe can baya, kai a ƙasa. Sa'idu, wanda sai a makon nan yayansa ya gaya masa gaskiya, ya ratso taro sanye da tsohuwar farar rigar, wuyanta duk ya sha faci. Ya kamo hannun Maccido ya ja shi har gaban Malam Kalilu, ya ce, "Malam, ga mu. Ka ce ya ɗaga kai, ni dai rigata ta yi mini daidai."