Harsashin da ba na Yaya Sale ba

Bana shekara talatin ke nan da muka kai yayana Salihu makwancinsa. A Bromakoté, cikin Adjamé, ba wanda ya san shi da wannan suna, Sale Maƙeri ake ce masa. Ni ce autar gidanmu, a hannunsa na tashi bayan rasuwar babanmu. Shi ya sa ni lakwal, wato makarantar boko, shi ya tsaya mini har na zama ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a Treichville. 'Ya'yansa sun ce in rubuta wani abu na tunawa da shi, suka roƙe ni in bar tsohon zance. Na gwada, abin ya ƙi. Ba na iya tuna Yaya ban tuna abin da aka yi masa ba.

Sana'arsa ƙirar wuƙaƙe ce da ƙugiyoyin rataye nama, mahauta ne masu cinikinsa. Yana da amini, Tanko, dillalin shanu da ke zaune a Treichville. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi makarantar allo, kuma har suka yi furfura a kwano ɗaya suke cin abinci. Ni ma Yaya Tanko nake ce masa.

Wata rana, wajen ƙarshen shekarun saba'in, Tanko ya shigo maƙera da dogon abu naɗe cikin buhu. Tsohuwar bindigar Turawa ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi da harsashi ta baki, ya samo ta a hannun wani mai gonar koko. Tanko ya ce kyau ne kawai gare ta, in ka saita gabas sai ta harbi kudu, yana so Yaya ya gyara masa. Yaya bai so taɓa ta ba, don gwamnati ta riga ta hana farauta. Tanko ya rantse masa gadin garkensa kawai za a yi da ita, ɓarayi sun dame shi. Yaya bai taɓa iya ce wa Tanko a'a ba.

Da ya wanke cikin bututun ya ɗaga shi a rana, sai ya ga ba sumul yake ba kamar na bindigogin maharbanmu. Akwai tsagogi a ciki da suka murɗa tun daga baki har ƙasa. Ya tura guntun dalma mai taushi a bakin, ya zaro, tsagogin suka fito a jikinta. Da wannan ya yi awo. Ya yi makonni yana sassaƙa mazubi na tagulla, yana narka dalma, yana zubawa, yana mayarwa wuta. Na sha kai masa abincin rana in tarar na jiya bai taɓa ba.

Shi ya bayyana mini dalili, yana juya harsashi tsakanin yatsunsa. In ya yi ƙanƙanta, ba ya kama tsagogin, ƙarfin albarushi ya zurare ta gefensa, ya fita yana tangaɗi ya tafi inda ya ga dama. In ya yi girma, sai an doka shi da ƙarfi kafin ya sauka, ya lanƙwashe tun bai fita ba. Na kirki shi ne wanda, in an shafa masa man kaɗe, babban yatsa zai shigar da shi baki, sanda ta raka shi ƙasa a hankali. Nasa dogaye ne, da rami a gindi, don in wuta ta tashi gindin ya buɗe ya cika tsagogin. Ranar da suka gwada a daji bayan Anyama, Tanko ya dawo yana ba kowa labarin gwangwanin da ya huda daga nesa. A gabana Yaya ya ce masa, "Wannan bindiga ba ta cin abincin kowa sai nawa. In sun ƙare, ka dawo."

Tanko bai dawo ba. Bayan wasu watanni ya kai baƙi garke, aka ga barewa, ya so ya nuna bajinta. Harsasan Yaya sun ƙare, sai ya karɓi ƙananan ƙwallayen dalma a hannun wani maharbi ya ɗura. Barewa ta tsere. Bello, makiyayinsa, wanda ke tsaye can gefe, shi ya faɗi, ƙashin cinyarsa a farfashe.

Asibitinmu aka kawo Bello, kuma ni ke riƙe da tasa lokacin da likita ya ciro dalmar. Ƙwallo ce ƙarama, gefe guda ya baje, ba rami a gindi, ba alamar tsaga. Na san ba aikin Yaya ba ne, har na yi hamdala a zuci. Ban san cewa a daidai lokacin Tanko na zaune gaban jandarmomi ba. Ya ce musu bindigar ta Sale Maƙeri ce, shi gwadawa kawai aka ba shi, kuma mugun zubin Sale ne ya karkatar da harbin. Shaidu ba su yi wuya ba, duk Bromakoté ta ga bindigar jingine a maƙera. Kashegari da hantsi aka tafi da Yaya, da mazubinsa, da guduma da awartaki.

Na je na gaya wa mai bincike abin da na gani a tasa. Ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce dalma dai dalma ce, kuma yayana da bakinsa ya amsa cewa ya zuba harsashi ba shi da izini. Da na kai wa Yaya abinci inda ake tsare da shi na faɗa masa abin da amininsa ya ce, sai ya girgiza kai. "Tsoro ne ya kama shi, Auta. Bari hankalinsa ya kwanta, zai zo ya gyara maganarsa."

Na hau gbaka, ƙaramar motar haya, na tafi gidan Tanko. Na same shi a tsakar gida, ana yanka masa kankana.

"Yaya Tanko, ka san ba harsashinsa ba ne."

"Hajara, ke yarinya ce, ba ki san hukuma ba. In na shiga ciki, wa zai fito da shi? Ina nan ina ƙoƙari."

"Ka je ka gan shi ko sau ɗaya."

Ya ce zai je ranar Juma'a. Daga ranar ban ƙara ce masa Yaya ba.

An yanke wa Bello ƙafa, aka mayar da shi garinsu. Yaya ya yi fiye da shekara a kurkuku, ya fito da tarin da bai rabu da shi ba har kabari. Abin da ya fi ɗaurin ciwo shi ne sunan da aka laƙaba masa, maƙerin da zubinsa ya nakasa mutum. Mahauta suka koma wani wuri. Dattawan unguwa suka ce a bar maganar don zumunci, ba wanda ya ce wa Tanko komai. Yaya ya koma ƙera murhun gawayi da bokitai, yana kaiwa unguwar Indénié yana sayarwa. Bai sake narka dalma ba, bai kuma ambaci sunan Tanko da sharri ba ko sau ɗaya. Wannan shirun nasa ya fi komai ƙona mini rai.

Yanzu inda maƙerarsa take shagon gyaran waya ne. Nakan tsaya a wurin in ce, da Yaya zai leƙo, me zai ce? Mun ga shekarun da bindigogi suka cika garin nan a hannun samari, masu aman wuta ba awo ba saiti, aka kashe mutane ba a tambayi kowa ba. Shi da ya yi makonni a kan harsashi guda don kada ya kauce, shi aka ɗaure. Ina jin ba zai yi dogon magana ba. Zai tambaya ko yara sun ci abinci.

Tanko ya yi tsawon rai, ya je Makka ya dawo, ana ba shi sahun gaba a kowane ɗaurin aure. Da ya rasu, mutane suka ce in je gaisuwa, ai Sale ya yafe. Ban je ba. Ni ce na yi jinyar Yaya a ciwonsa na ƙarshe. Ana gobe zai cika, ya tambaye ni ko an gaya wa Tanko ba shi da lafiya. Na ce an gaya masa. Ya ce to a shimfiɗa tabarma a bar ƙofa a buɗe. Tabarmar na nan a shimfiɗe har masu wanka suka zo.

Me ya rage na Yaya? Ba gida, ba hoto mai kyau, ko sunansa ba a wanke ba sai abin da na rubuta yau. Amma akwai ɗansa Mamman, makanike a unguwar Saint-Michel, wanda ba ya ɗaura ƙarfe a mota sai ya auna ya sake aunawa. Hannun ubansa ne da shi sak. Zuciyar ma ita ce. Kwanan baya ya kawo mini wani abokinsa, ya ce, "Gwaggo, wannan ko wuƙa ya ɗora mini a wuya ba zan motsa ba." Na gaisa da yaron, na zuba musu abinci a kwano ɗaya, na koma ɗaki na yi kuka.

Allah ya jiƙan Salihu, ya sa inda ya tafi ya fi nan adalci.