Dami na Huɗu

Mu huɗu ne a bakin gayaunata a wannan hantsin: ni Salifu, ina ɗan shekara goma, wana Sanda, wanda ya girme ni da shekara uku, ƙanwarmu Hajo, sai kakanmu na wajen uba, Malam Tanko, wanda duk gidanmu ke ƙarƙashin ikonsa. Ranar Talata ce a tsakiyar kaka, shekaru kaɗan kafin Nasara su bayyana a ƙasar Tasawa. Dammuna huɗu na gero suna jingine da gindin gawo, kowanne na ɗaure shi da igiyar kaba wadda na tufka da hannuna, ni kuwa ina tsaye kusa da su ƙirjina a buɗe, ina jiran yabo. Kaka bai dubi dammunan ba. Ya shiga gonar a hankali, yana ɗaga karan da aka kwantar da bakin sandarsa, ya je ƙarshe ya dawo, bai sami ko zangarniya ɗaya ba. Sai ya tambaye ni: “Salifu, wa ya share maka gonar ga haka?” Na amsa da alfahari cewa ni ne, ni kaɗai.

Ƙauyenmu yana gefen Gulbin Kaba, tafiyar yini guda a kan jaki kafin a kai Tasawa. A gidanmu, idan yaro ya kai goma, akan yanka masa gayauna, wato ɗan fegin gona nasa na kansa a gefen gandu, ya noma ta da yamma bayan an tashi daga aikin gida. Safiya ta gandu ce, azahar ta allo ce a zauren Kaka, abin da ya rage na rana shi ne nawa. A wannan shekarar mahaifinmu ya yi alkawari tun farkon damina cewa duk wanda ya ɗaure dami huɗu daga gayaunarsa zai raka shi kasuwar Tasawa bayan an gama cika rumbuna. Ban taɓa wuce rijiyar ƙauyen da ke gaba da mu ba. Sanda ya taɓa zuwa Tasawa sau ɗaya, ya kuma shekara yana ba mu labarin raƙuman ayari masu ɗauke da gishiri, da wani mutum da ke sayar da takarda fara fat. Wannan takardar ce ta hana ni sukuni. Ni da ban san rubutu a kan komai ba sai allo, wanda ake wankewa a shafe, ina so in ga abin da ake rubutu a kansa ya zauna.

Saboda haka na yi noma irin na wanda ake kora. Yara suna langa a dandali, ina cire ciyawa. Suna bin fara a cikin sabara, ina korar tsuntsaye da majajjawa. Da gero ya nuna muka kwantar da kara muka yanke kai, sai na tarar abin da na samu dami uku ne da ɗan abin da bai kai rabi ba. Na kwana biyu ina bin gonar layi layi, ina ɗaga kowane kara, ina tono zangarniyar da ƙasa ta rufe, har da ƙanana waɗanda tsuntsu ya ci gefensu, har da waɗanda suka faɗa kan iyakar gandu. Da haka dami na huɗu ya cika. A ganina na yi abin da malamai ke horo da shi, domin a zaure an sha gaya mana cewa almubazzaranci ba halin mumini ba ne.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne kala. A ƙasarmu, idan mai gona ya kwashe amfaninsa, abin da ya saura a ƙarƙashin kara ba nasa ba ne kuma. Na masu kala ne, tsofaffi da baƙi da waɗanda gonarsu ba ta yi ba. Ba sa neman izini, ba sa godiya, mai gona kuma ba ya tsayawa kallonsu. Na san da wannan sarai, amma na ɗauka kala sakacin manoma ce kawai, wanda ya iya aiki ba ya barin ta. A ranar ne Kaka ya zaunar da ni a inuwar gawo ya warware mini. Ya ce zakka ana ƙirga ta, ana kuma sanin wanda aka ba. Kala kuwa da gangan manya ke sassauta hannu, su bar ta ba lissafi, domin akwai mutanen da yunwa za ta kashe su kafin su miƙa hannu. Ya ambaci Inna Gaisha, tsohuwar nan 'yar mutanen Abzin da ke zaune a bukka a bayan gari, wadda fari ya cinye dabbobinta, 'ya'yanta kuma suka bi ayari ba su dawo ba tukuna. Sana'arta ɗinkin fata. Gonakin gefenmu ita ke kalarsu tun kafin a haife ni, kuma an taɓa aika mata ƙwaryar hatsi daga gidanmu ta mayar da ita a rufe kamar yadda aka kai. “Gobe da hantsi za ta iso nan,” in ji Kaka. “Dammunan naka ne, ba ni kwance maka ko ɗaya. Kai dai ka san abin da za ta iske.”

Ban ci tuwon kirki ba a wannan maraicen. Sanda, wanda ya ɗaure nasa biyar ba tare da wahala ba, ya yi ta tsokanata yana cewa in yi shiru kawai, tsohuwa ai tana da sauran gonaki. Gaskiya ya faɗa, kuma na so in bi ta. Amma duk lokacin da na rufe ido sai in ga sandar Kaka tana ɗaga kara babu komai a ƙarƙashi. Da aka sallame sallar asuba na tashi Hajo, muka tafi gona raɓa na jiƙa mana ƙafa, na kwance dami na huɗu da hannun da ya ɗaure shi.

A nan ne na yi kuskure na biyu, wanda har yau idan an tuna shi a gidanmu sai an yi dariya. Ni mutum ne mai son tsari tun ina ƙarami. Na raba zangarniyoyin uku uku, na ajiye kowane kashi a kan kara, taku biyar tsakanin wannan da wancan, kawunansu duka suna duban gabas. Muka koma bayan kalgo muka laɓe. Da hantsi ya ɗaga sai ga Inna Gaisha da lulluɓinta baƙi da tsohon kwandonta. Ta tsaya a bakin gonar, ta dubi layi na farko, ta dubi na biyu, sai ta saki kwandon ta fashe da dariya har ta zauna a ƙasa. “Fito, Malam ƙarami, na ga ƙafarka!” in ji ta. “Wace irin mantuwa ce wagga, mai tsayawa sahu kamar za ta yi salla?” Na fito kaina a ƙasa. Ta share hawayen dariya da bakin lulluɓi, sannan ta miƙe ta ɗauki kwandonta, ta ce ita kala take yi, ba a jera mata, abin da aka jera kuwa sadaka ne, in kai wa mai buƙata.

Sai na ga na tashi a tutar babu: Tasawa ta kuɓuce, tsohuwa kuma za ta tafi da kwando wayam. Idona ya cika da ƙwalla. Na ce, “Inna, to yaya zan yi?” Sai ta ce ita dai ƙafafunta sun gaji, za ta huta a gindin gawon nan, kuma idan tana hutawa gabas take kallo, ba ta ganin abin da yara ke yi a bayanta. Hajo ce ta fara ganewa. Ta kama ƙafarta ɗaya ta baya, ta yi tsalle ta faɗa cikin layukana tana ihun langa, tana watsa gero da ƙafar da ta rage. Ni da na shekara ban yi wasa ba, na kama tawa ƙafar na bi ta. Muka yi ta ture juna muna faɗuwa cikin kara, ƙarangiya na manne mana a gwiwa, zangarniyoyi na tashi sama suna faɗawa inda suka ga dama, har takalmina na ƙafar hagu ya fita ban san inda ya nufa ba. Da muka gaji, ni kaina da na ajiye su ba zan iya nuna inda guda goma suke ba. Inna Gaisha ta juyo, ta ce kai, masu gonar nan ba su iya girbi ba, ta sunkuya ta fara aikinta. Ba ta ce mini na gode ba, ni ma na kama hannun Hajo muka bar mata wurin. Da na ba Kaka labari ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, sannan ya faɗi maganar da na riƙe: “Kyautar da mai ita ya san inda ta faɗi, ba ta gama barin hannunsa ba.”

Mahaifinmu bai sauya alkawarinsa ba, kuma yanzu ina ganin daidai ya yi. Sanda ya hau jaki, ni na tsaya a bayan rumbu na yi kukana na gama. Ya dawo mini da dabino uku da labarin takarda wanda ya fi na bara tsawo.

Can cikin rani, bayan shanun Fulani sun gama cin kara, Kaka ya aike ni in duba ko sun bar taki isasshe a gayaunata. A gindin gawon na tsinci wata 'yar gafaka, jakar fata irin wadda malamai ke sa littafi, ja, an yi mata ado da zare kore, rabinta ƙasa ta rufe. Duk garin mutum ɗaya ne ya iya wannan ɗinkin. Na ruga da ita har bukkar Inna Gaisha, na durƙusa na ce ga kayanta ta yar. Ko ɗaga kai ba ta yi ba daga fatar da take hudawa. “Ni ban yar da komi ba. Abin da aka tsinta a gona na wanda ya tsinta ne, ko kakanka bai gaya maka ba?” Na buɗe baki zan yi godiya ta ce in tashi ina tare mata haske. Daga ranar kuwa mantuwa ta kama ni: in ɗebo ruwa in manta tulun a ƙofar bukkarta, in yi itace in manta rabinsa a hanyarta. Ita ma takan manta curin cuku, wanda takan samu wajen 'yan ayari, a kan dangar gidanmu. Haka muka yi ta yi har 'ya'yanta suka dawo suka tafi da ita arewa, ba wanda ya taɓa gode wa wani a cikinmu.

Na ga Tasawa daga baya, na zauna a cikinta shekara tara ina karatu a gaban malamai, yanzu kuma da alƙalami nake ci: ina kwafar littattafai, ina rubuta wa mutane wasiƙa. Gafakar tana rataye a kafaɗata, an sake mata igiya sau biyu. Idan na yanka takarda, ba na tattara guntayen. Nakan bar su a bakin zaure in shiga ciki, ƙananan ɗalibai su ɗauka ba tare da mun haɗa ido ba. Idan na je gida da kaka ina ganin gonaki a share ƙal, domin zamani ya tsananta, kowa yana ƙirga abin da ke hannunsa, wanda ya ba da kuma yana so a ji. Ba na zargin kowa, ni ma na taɓa share tawa. Ina dai kewar lokacin da mutum ke iya ƙoshi daga hannun maƙwabcinsa bai sunkuyar da kai ba.

Abin da na rasa a waccan kakar: dami ɗaya, tafiyar Tasawa ɗaya, da takalmin ƙafar hagu.