Na Ajiye 'Yata Kamar Busasshiyar Citta

Ni mai sayen citta ce. Da kwano na fara a kasuwar Kwoi, har Ubangiji ya ba ni sito nawa a Kafanchan, kuma a lokacin ina taƙama cewa ba a taɓa kayar da ni a ciniki ba. Abin da ke gabana a shekarar bai da yawa: 'ya ɗaya, gasa biyu, kakar wasa ɗaya. 'Yata ta fari tana da shekara sha shida, tana buga ƙwallo a gaba, kuma ko ni da ban san wasan ba na ga yadda 'yan acaba ke kashe mashin su tsaya kallonta a filin makaranta.

Gasar 'yan mata biyu ne suka neme ta, kowace tana kiran kanta ta manya. Ta farko a Kaduna ake buga ta. Wakilinsu ya zo da turare mai hawa kai da waya cike da hotuna, yana ce mini Madam kafin kowace magana. Jesinsu sabo ne, ana ɗaukar wasansu a bidiyo, kuma a bakinsa kullum akwai wasu manya daga Abuja da za su zo kallo, waɗanda ban taɓa jin sun iso ba. Ta biyu ta wajen Jos ce. Su ba ƙyalƙyali, sai girman kai. Kocinsu ya zauna a shagona ya ƙi shan ruwa, ya ce tasu ce gasa, ta Kaduna bikin ɗaukar hoto ne. Na Kaduna kuwa ya ce 'yan Jos gudu kawai suke koya wa yara, kamar masu shirin shiga soja. Abu ɗaya suka yarda a kai: yarinyar da ta shiga ɗaya ba ta taka filin ɗayar.

Da na ga manyan maza biyu suna zagin juna a kan kayana, sai na yi abin da na iya. A sana'armu, in masu saye biyu suka yi karo, kulle sito ake yi. Busasshiyar citta ba ta ruɓewa, wanda ya matsu shi zai ƙara kuɗi. Na ce wa kowanne ina tunani. Na Kaduna ya ƙara da takalmin wasa, na Jos ya ce za su duba maganar ɗakin kwana, ni kuma ina jiran wanda zai ɗauki karatunta gaba ɗaya. Yarinyar ta same ni ina tankaɗe, ta ce Mama, ko wacce ce a bar ta ta shiga, ita ba buhu ba ce. Na ce ta yi mini shiru, ita da ba ta taɓa sayar da ko albasa ba. Aka rufe rajista, aka buga kakar aka gama, tana gida tana buga ƙwallo da bango.

Da sabuwar kaka ta zo na kira su ina jin na gama dafa su. A nan na ji cewa gasar duka biyu ta 'yan ƙasa da sha bakwai ce, kuma 'yata ta cika. Na Jos ya ce shi bai taɓa roƙon kowa ba, ko sunanta bai tuna ba. Na Kaduna ya yi dariya ya ce Madam, wannan ai ba matsala, a je kotu a rantse a rage mata shekara biyu, mai tsaron ragarsu ma tana da yaro a firamare. Manyan gasa ke nan. Ɗaya ta manta da yarinyar da ta yi wa layi, ɗaya tana neman ta fara da ƙarya. Kunyata ita ce na kai wa 'yata maganar. Ta ce a cocin da aka yi mata baftisma kowace uwa a ƙungiyar zumuntar mata ta san shekarar da na haife ta, ba za ta ɗaga Littafi Mai Tsarki ta rantse a kan abin da mata ɗari suka san ƙarya ne ba.

Iyaye, kada ƙyallin jesi ko cika bakin koci ya ruɗe ku, ba wanda zai tuna da 'yarku bayan ta wuce masa. Ku tambayi iyakar shekaru tun ranar farko, ku zaɓi mai dama-dama, ku bar yarinya ta shiga fili. Ga lissafin ƙarshe: gasar Kaduna tana nan da hotunanta, ta Jos tana nan da girman kanta, ba wadda ta rasa komai. Ni ban samu ko takalmin ba. 'Yata tana karatun jinya yanzu, tana gaishe ni da ladabi, amma in aka sa ƙwallo a talabijin sai ta tashi ta bar mini ɗakin.